Kukis ɗin pikan a Ƙofar Dundaye: Me ya hana a koma ga gyaɗa da man shanu?

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka sa ranar biki, ƙamshin suya da gashi ne ke cika lungunan Ƙofar Dundaye a birnin Sakkwato. Cincin da dubulan da alkaki da nakiya suna nan inda aka san su. Sai dai a 'yan shekarun nan an samu baƙo a cikin faranti, wato kukis, wanda 'yan mata da matan aure ke koya daga bidiyon TikTok da YouTube, wasunsu har sun mayar da shi sana'a suna tallatawa a WhatsApp.

Cikin nau'o'in da ke ɗaukar ido a irin waɗannan bidiyo akwai kukis ɗin bota da pikan. Mai kallo za ta ga an narkar da bota, an zuba wani ɗan itace mai ruwan ƙasa, an fito da abu gwanin sha'awa. Da ta tashi gwadawa sai tambaya ta taso: ina za a samu pikan a Sakkwato, kuma nawa ne kuɗinsa?

Amsar da ta dace ita ce a daina wahalar nemansa. Macen da ke gashi a gida, musamman wadda ke son cin riba, ta fi kusa da nasara idan ta kama gyaɗa da riɗi da man shanu ta ƙware a kansu.

Kayan dala ne

Pikan ɗan itacen Arewacin Amurka ne. Amurka da Meziko ne ke noma mafi yawansa a duniya, sai Afirka ta Kudu da ke biye musu. A Amurka, jihohin Jojiya da New Mexico da Texas ne kan gaba, har ma Texas ta ɗauke shi a matsayin bishiyar jiha tun 1919. Bishiyar na son sanyin hunturu, kuma tana shafe shekaru kafin ta fara 'ya'ya. A can abin gida ne, kamar yadda gyaɗa take a nan, shi ya sa suke watsa shi a kek da kukis ba tare da sun yi lissafi ba.

Kafin ya iso Najeriya kuwa sai ya hau jirgi, an biya kuɗin fito, ya bi ta hannun 'yan kasuwar Legas ko Abuja. Da dala ake sayo shi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake canzarwa kan kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a shekarar 2024. Duk mai ɗora sana'arta kan irin wannan kaya ta miƙa ragamar ribarta ga kasuwar canji, wadda ba ta san da zamanta ba.

Akwai kuma batun ajiya. Kusan kashi 70 cikin 100 na pikan mai ne, don haka yana saurin yin ɗaci da warin tsohon mai idan ya sha zafi. A garin da zafin watan Afrilu ke wuce maki 40, ga wutar lantarkin da ba ta da tabbas, ana iya sayen leda guda da tsada a buɗe a tarar ya riga ya juya.

Abin da ake nema yana gida

Mene ne ma sirrin kukis ɗin bota da pikan? Maiƙo ne mai ƙamshi, da gari, da sukari, da ɗan abin da ke yin ƙaras-ƙaras a baki. Wannan ba sabon abu ba ne a ɗakin girkin Bahaushiya. Gireba, da ake gasawa da riɗi a kanta ana kai wa cikin kayan garar amarya, 'yar gida ɗaya ce da shi. Sunanta ma ya nuna dangantakarta da guraibar Larabawa, wadda ake yi da soyayyen man shanu.

Gyaɗar da aka soya da yashi aka murje ɓawonta tana da ƙamshin da ba ya buƙatar talla. Kusan rabinta mai ne, kuma ta ninka pikan wajen sinadarin gina jiki. Man shanu kuwa, ƙasar da aka san ta da shanun Gudali ba za a koya mata shi ba. Botar kanti na ɗauke da ruwa kusan kashi 16 cikin 100, kuma da ta bar firiji sai ta narke. Man shanun da aka soya ruwansa ya ƙone yana iya yin makonni a kwalba ba abin da ya same shi, kuma kukis ɗinsa ya fi narkewa a baki.

Awon ba shi da wuya: fulawa giram 300, soyayyen man shanu giram 170, sukarin da aka niƙa giram 100, dakakkiyar gyaɗa giram 100, da ɗan gishiri. A buga mai da sukari, a zuba gari da gyaɗa, a haɗa ba tare da an murza shi kamar na burodi ba, domin yawan murza na sa ya yi tauri. Idan kwaɓin ya saki saboda zafi, a bar shi ya huta a wuri mai sanyi, ko a bari sai da sassafe. A oben, maki 170 zuwa 180 na minti 12 zuwa 15 ya isa. Wadda ba ta da oben, babbar tukunya da yashi a ƙasanta da 'yan garwashi a kan murfi na yin aikin, kamar yadda iyaye suka daɗe suna gasa kek.

Masu ja da wannan magana

Wasu za su ce ɗanɗanon pikan daban ne. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce gyaɗa za ta koma pikan. Wadda ke da hali, ta ga ledarsa a kanti ta yi marmari, ba ta yi laifi ba. Maganar ita ce kada a ɗauka kukis bai cika ba sai da shi.

Wasu kuma za su ce ai fulawar ma ta waje ce, tunda mafi yawan alkamar da Najeriya ke niƙawa shigo da ita ake yi. Wannan ma haka ne. To amma wanda dala ta riga ta kama shi ta hannu ɗaya, hikima ce ya miƙa mata ɗayan?

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu sana'a: mai saye ya fi sakin kuɗi idan ya ji suna na Turanci. A nan ne gyaran yake. Mutum zai zuba kuɗi kan kukis don an kira shi da sunan da bai iya faɗa ba, amma ya yi ta ciniki kan gireba, alhali wahalar ɗaya ce. Ita ma gyaɗar da ake rainawa baƙuwa ce a asali. Daga Kudancin Amurka Turawan Fotugal suka kawo ta Afirka, ta karɓi ƙasar nan, har ta kai ga dalar gyaɗa a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Ashe ba baƙunta ce matsala ba. Abin dubawa shi ne wanda ke tsirowa a gonar Bodinga ko Kware, kuɗinsa ya koma aljihun manomi da mai tallar nono, da wanda kuɗinsa ke ƙetare teku.

Sharaɗin da ba a wasa da shi

Komawa ga gyaɗa na da nasa nauyin. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba, ko aka ajiye ta a wuri mai laima, tana yin funfuna, kuma funfunar na haifar da gubar aflatoksin, wadda masana lafiya suka tabbatar tana jawo kansar hanta, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. Zafin gashi ba ya kawar da ita. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta ƙirƙiro maganin Aflasafe da manoma ke watsawa a gona don rage ta, amma tsaro na ƙarshe yana hannun mai girki: a baza gyaɗar a faifai, a tsince duk wadda ta motse, ta canza launi, ta fashe ko ƙwari suka huda, a zubar. Mai ɗaci ba ta shiga kwaɓi.

Man shanu ma a saye shi wurin wadda aka amince da ita, domin akan cakuɗa shi da wani mai. A soya shi a tace kafin a yi aiki da shi. Sannan duk mai sayarwa ta rubuta a jikin robar cewa akwai gyaɗa ko riɗi a ciki, saboda akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsu, kuma abin kan kai ga asibiti.

Idan aka kiyaye waɗannan, mai gashi a Ƙofar Dundaye na iya lissafin ribarta tun kafin ta kunna wuta, domin duk kayanta suna kasuwar Sakkwato, kuma ta san farashinsu. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sallah mai zuwa, in an miƙa wa baƙo faranti ya tambayi abin da ke ƙamshi haka, babu dalilin yin ƙasa da murya: gyaɗa ce da man shanu.