*MAN ZAITUN DA RANA TA DAKA BA MAGANI BA NE*



Maigida da uwargida, ku saurara. Kullum muna ganin an jera man zaitun da man habbatussauda a farar kwalba a bakin masallaci, rana na dukansu tun hantsi har la'asar. Ni dai a ganina wannan cutar mai saye ce, ko da mai sayarwa bai sani ba.

Ga dalili. Allah Ya sanya wa man zaitun wasu sinadarai masu gadinsa, ana ce musu fenol. Su ne ke kawo ɗan ɗacin nan da ƙaiƙayin maƙogwaro idan man na ƙwarai ne. Shi kuwa koren da ke cikin man, da haske ya same shi sai ya zuga iskar da ke cikin kwalba ta fara cin man. Fenol ke tare wannan ɓarna, amma duk wanda ya tare, shi ma ya ƙare. Ranar da masu gadi suka ƙare, sai man ya canza wari. Ka biya kuɗin magani, ka kai wa iyalinka lalataccen mai. Habbatussauda ma haka, haske na lalata sinadarinta mai amfani.

Don haka:

• Ku sayi na kwalba mai duhu ko gwangwani.
• Ku riƙa rufe murfi sosai.
• Ku ajiye cikin kabad, nesa da taga da murhu.
• In farar kwalba ce, a naɗe ta da takarda.

Kai kuma mai sayarwa, ka ji tsoron Allah, ka mayar da kayanka inuwa. Amanar marasa lafiya ce a hannunka.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. A tura wa 'yan uwa.