TAFIYA DA ƘAFA BA TA RAGE GIRMAN DATTIJO

A manyan garuruwan Nijar, daga Yamai har Maraɗi, Damagaram da Tawa, akwai wata ɗabi'a da ta shiga cikin jama'a ba tare da an yi shawararta ba. Da zarar mutum ya samu muƙami a biro, ko kasuwa ta yi mashi kyau, sai ya daina taka ƙasa. Mota ke kai shi wurin aiki, in babu mota to babur ko kabu-kabu, ko da kuwa ana hangen wurin da za shi daga ƙofar gidanshi. Idan aka ga dattijo da babbar riga yana tafe da ƙafa, sai a shiga tambaya: motar ce ta lalace, ko kuwa karayar arziki ta same shi? Tumbi ya zama shaidar wadata, tafiyar ƙasa kuma ta zama ta talaka.

Wannan tunani kuskure ne, kuma ana biyan kuɗinshi da tsada. Ma'aikacin da ya yi shekara 30 zaune kan kujera, ran da ya aje aiki domin ya huta, sau da yawa ran nan ne yake fara zarya tsakanin gida da asibiti. Tansiyo ya hau, sukari ya yi yawa cikin jini, gwiwoyi sun ƙi ɗaukar jiki. Maganin waɗannan cututtuka ba na mako guda ba ne, na sauran rayuwa ne, kuma kowane wata sai an cire kuɗinshi daga abin da iyali za su ci. Wani ma faɗuwa ɗaya zai yi, ɓarin jiki ya shanye, gida duka ya koma jinya.

Alhali kuwa kakannin waɗannan mutane da ƙafa suka nemi arziki. Fatake sun taka daga ƙasar Hausa har Gwanja sayen goro, masu ayari sun bi raƙuma cikin Tenere har Bilma ɗauko gishiri. Har yau manomi yana zuwa gona ya dawo da ƙafa, mace a karkara tana zuwa rijiya da itace. Jikin ɗan Adam don motsi aka yi shi, zaman birni ne ya ɗaure shi.

Likitoci sun daɗe da gane haka. A shekarar 1953 wani likitan Ingila mai suna Jeremy Morris ya bayyana sakamakon binciken da ya yi kan ma'aikatan manyan motocin haya masu bene na birnin Landan. Direbobi suna wuni zaune, masu karɓar kuɗi kuwa suna wuni hawa da sauka. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma ya fi saurin kashe su.

Ko wanda girma ya riga ya kama zai amfana? Amsa ta zo daga Amurka a shekarar 2002. An tara mutane sama da 3,000 masu ƙiba waɗanda sukarinsu ya fara hawa. Wasu aka ba su ƙwayar magani, wasu kuma aka nemi su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, galibi da tafiya. Bayan kamar shekara 3, magani ya rage kamuwa da ciwon sukari da kashi 31 cikin 100, tafiya da gyaran ci kuwa sun rage shi da kashi 58. Ga waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, ragin ya kai kashi 71. Ke nan tsofaffi ne suka fi kowa cin riba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Idan naman cinya da na ƙwauri suna aiki, suna jan sukari daga cikin jini suna ƙone shi. Wannan amfani yakan ɗore kwana ɗaya zuwa biyu, daga nan ya gushe, shi ya sa tafiyar rana guda a wata ba ta da wani tasiri. Zuciya tana ƙara ƙarfi, jijiyoyin jini suna saki, tansiyo yana sauka kaɗan kaɗan. Ga kuma ƙarfin ƙafa, wanda shi ne ke ba tsoho damar tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba. Masu binciken ciwon gwiwa sun lissafa cewa duk kilo 1 da mutum ya rage, nauyin da ke danne gwiwa a kowane taku yana raguwa da kamar kilo 4.

Amma wajibi ne a faɗi gaskiya game da rage ƙiba, domin kada wanda ya fara ya karaya. Mutum mai kilo 80, idan ya yi tafiyar minti 30 da ɗan sauri, zai ci kamar kilomita 2 da rabi, ya ƙone kalori kusan 150. Kilo 1 na kitse kuwa yana ɗauke da kalori wajen 7,700. In aka yi lissafi, mai tafiya kwana 5 a mako sai ya yi kamar mako 10 kafin kilo guda ya tafi, shi ma in bai ƙara ci ba. Lemun kwalba ƙarami guda ɗaya yana da kalori kusan 140, cokalin mai babba kuma 120. Wanda ya taka da safe, ya je fada da marece ya sha shayi na ɗaya, na biyu da na uku cike da sukari, ya bi da balangu mai kitse, ya mayar da abin da ya zubar har da riba. Saboda haka ƙafa da baki tare za su yi aikin. A rage man miya, a rage sukarin shayi da na fura, a rage gishiri da dunƙulen magi, a ƙara zogale, rama da wake. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce gishirin da babba zai ci a wuni kada ya kai giram 5, kamar ƙaramin cokali guda.

Ba kuma a neman dattijo ya koma kamar ɗan kokowa. Ga mai kilo 90, kashi 7 cikin 100 kilo 6 ne da ɗoriya. Ko ma'auni bai nuna komai ba a watannin farko, jini da zuciya sun riga sun fara amfana. Akwai awo mai sauƙi da kowa zai iya yi da igiya a gida: kada faɗin kewayen ciki ya wuce rabin tsawon mutum.

To, wace irin tafiya ake nufi? A shawarar da OMS ta fitar a shekarar 2020, babba yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako, wato aƙalla rabin awa, kwana 5. Saurin da ya dace shi ne wanda mutum zai iya magana da abokin tafiya amma numfashi ya ɗan ƙaru. Wasu sun ji ana cewa sai an yi taku 10,000 a wuni, suka ce wannan ba nasu ba ne. Wannan adadi daga sunan wata na'urar ƙidayar taku ya samo asali, wadda aka sayar a Japan a shekarar 1965. Binciken da aka bayyana a 2019 kan tsofaffin mata sama da 16,000 a Amurka ya nuna cewa masu taku 4,400 a wuni sun fi masu taku 2,700 tsawon rai, amfanin kuma yana ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500. Wanda ya daɗe zaune sai ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa mako mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Masu cewa rana ta yi zafi suna da hujja, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Amma bayan sallar asuba gari na da sanyi, haka ma gab da magariba. A sha ruwa, a sa takalmi mai taushi, a rufe hanci lokacin ƙurar hunturu. Mai ciwon sukari ya riƙa duba tafin ƙafarshi kullum, domin ƙaramin rauni na iya zama gyambo, ya kuma riƙe dabino a aljihu ko da jiri zai ɗebe shi. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take, ya nemi likita. Mai shan maganin tansiyo kuwa kada ya bar shi da kanshi don ya ga ya fara jin sauƙi.

Iyaye mata sun fi shiga matsi cikin wannan al'amari. Ana yaba ma mace da ƙiba, har wasu na sayen ƙwayoyin sa jiki a hannun masu tallar magani, ƙwayoyin da wasunsu ke tayar da tansiyo da sukari. Ya kamata magidanta su sauƙaƙa ma matansu fita. Hajiyoyi uku ko huɗu na unguwa ɗaya suna iya haɗuwa su taka tare, wadda ba ta fita kuma ta kewaya tsakar gida.

Sauran magana tana ga hukuma. Ba za a ce ma tsoho ya fito ba alhali tebura da kayan gini sun cinye gefen hanya, lambatu a buɗe, babura na wucewa a guje, dare kuma ba fitila. Magadan gari su kula da hanyar masu ƙafa kamar yadda suke kula da ta motoci. A buɗe filayen wasa da na lakwal da sassafe. Kowane gidan likita ya riƙa awon nauyi da tansiyon duk dattijon da ya shigo, ko da ciwon ido ya kawo shi. Sama da duka, manya su ba da misali. Ran da aka ga shugaban ma'aikata ko babban alhajin kasuwa ya bar mota a gida ya taka zuwa biro ko masallaci, kunyar tafiya za ta fita daga zukatan na ƙasa da shi.

Ƙasa na bukatar dattawanta a tsaye, suna sasanta jama'a, suna horon yara, suna ba da shawara. Rabin awa a wuni, ba tare da kashe ko dala ba, shi ne abin da ake roƙonsu. Allah shi ƙara ma jama'a lafiya.