Sautin Zuciya da Kunnen Na'ura

Tun shekarar 1816 da René Laennec ya naɗe takarda a birnin Faris ya kara ta a ƙirjin majiyyaciya, kunnen likita ne alƙalin abin da zuciya ke faɗi. Yanzu kuwa ana ɗaukar sautin, a miƙa wa kwamfuta ta yi hukunci. Hikimar ita ce, idan jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini suka ƙuntata saboda maiƙon da ya taru a cikinsu, jinin yakan yi wani ɗan gurnani yayin ratsawa, kamar ruwa a matsattsen kwararo. Gurnanin ya yi wa kunnen ɗan Adam rauni ƙwarai, amma na'ura tana iya tsinto shi a lokacin da zuciya ta saki. A ƙasar Denmak har an ƙera wata mai suna CADScor, wadda amfaninta ya fi ƙarfi wajen nuna wanda ba ya ɗauke da cutar, don a hutar da shi daga gwaji mai tsada.

Abin a yaba ne. Sai dai ra'ayina shi ne mu tambayi wace zuciya za a fara saurara. A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, watau Davidson da Parry, sun lura cewa a Zariya da Malumfashi akwai yawaitar matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa: kumburin ƙafa, haki, numfashi da kyar. Suka danganta abin da wankan jego, da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta, da gishirin da ke cikin kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙara da maganar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, don haka kada a yi gaggawar ɗora wa kakanninmu laifi duka.

To, a 2024 aka buga sakamakon wani gwaji a asibitocin Nijeriya shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda na'urar sauraron ƙirji mai kwamfuta ta gano mata masu raunin zuciya kimanin ninki biyu na waɗanda dubawar yau da kullum ta gano. Wannan ce na'urar da ta kamata ta riga isa ɗakin awon ciki a Malumfashi, inda manomiya ba ta da kuɗin mota zuwa Shika, balle na gwaji. Toshewar jijiya na tafe da hawan jini da ciwon sukari, ba na musu, amma mai jego ta riga ta a layi.

Mu kuma na Sashen Hausa muna da namu aikin. Bahaushe in ya ce «ciwon zuciya», sau da yawa baƙin ciki yake nufi. Ma'aikacin jinya da zai gaya wa mai jego cewa na'ura ta ji ciwon zuciya a ƙirjinta, tana iya komawa gida ta zargi kishiya, ta bar ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa. Har yau ba mu daidaita kalmar da za ta raba toshewar jijiya da kasawar zuciya ba.