Kwanan wata ba rubutu zalla ba ne

Duk rahoton ƙarshen wata da banki, asibiti ko kamfani ke fitarwa daga kwamfuta, a kan ranaku biyu yake tsaye: ta farawa da ta rufewa. Mai rubuta manhaja yakan zuba su a wasu 'yan ma'ajiyoyi na wucin gadi cikin jerin umarnin da ke haɗa rahoton. A ganina, duk wanda ya ajiye su a matsayin rubutu zalla, ya bar nau'in da rumbun bayanai ya tanada don kwanan wata, ya yi sakaci da amana, ko da rahoton ya fito tsaf a ido.

Dubi 03/04/2024. A Najeriya da Nijar 3 ga Afrilu ke nan, a Amurka kuwa 4 ga Maris. SQL Server, rumbun bayanai na Microsoft, in an bar shi a saitin Ingilishin Amurka, da wata yake farawa. Daga ranar 13 zuwa sama zai ƙi karɓa, a gane a gyara. Amma daga 1 zuwa 12 shiru zai yi ya musanya rana da wata, akanta ya sa hannu a lissafin da ba shi ya nema ba. Ranar rufewa ma da nata tarkon. Kwanan watan da ba a haɗa masa sa'a ba, tsakar daren da ya buɗe ranar ake ɗauka, saboda haka rahoton 1 zuwa 31 ga Maris yakan zubar da cinikin ranar 31 kusan gaba ɗaya. Masu dabarar liƙa 23:59:59.999 ma ba su tsira ba, domin tsohon nau'in datetime yakan tura shi farkon washegari. Abin da ya dace shi ne a ce: daga 1 ga Maris, kafin 1 ga Afrilu.

Wasu za su ce rubutu ya fi sauƙi, tunda mai karatu yana son ganin rana yadda ya saba. Haka ne, amma wannan kwalliya ce ta lokacin bugawa, ba ta lokacin tace bayanai ba. Wasu kuma su ce sun shekara da shekaru a haka ba ƙorafi. To wa zai kawo ƙorafi kan kuskuren da bai gani ba? Ranar da aka sauya uwar garke ko saitin harshe, ranar asiri zai tonu. Uzuri ma ya ƙare, domin tun 2008 SQL Server ke da nau'in date mai ɗauke da rana kaɗai, kuma in dole ne a rubuta da hannu, 20240403 iri ɗaya yake karantuwa a kowane saiti.