Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Masu Jinyar Ƙwaƙwalwa Sun Gaji

Ranka ya daɗe,

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya same ni a Babbar Sallar da ta wuce ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwana uku a jere na yi ina dutin dare, mu biyu kacal a ɗakin da ya kamata a ce mu huɗu ne. Ranar jajibere dangi suka yi ta kawo marasa lafiya, wasu don a samu a yi shagali cikin kwanciyar hankali, wasu kuma an kai su gida sun bar shan magani, ciwo ya dawo sabo. Daren Sallah aka shigo da wani matashi da Tramadol ya gusar masa da hankali. Ya shaƙe ni, sai da mai gadi ya ɓamɓare shi. Da asuba na wanke fuska na ci gaba da raba magani. Babu wanda ya ce mini sannu, balle a tambaye ni ko zan iya ci gaba. Na koma gida an gama suyar nama, 'ya'yana sun yi yawon Sallah ba tare da na ga kwalliyarsu ba. Har yau barci ba ya ɗaukata sai da ƙyar.

Ranka ya daɗe, mun yi murna a Janairun 2023 da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta ba majinyaci haƙƙinsa, ta taƙaita ɗaure shi da killace shi. Gaskiya ce, muna goyon baya. Amma kwantar da mutum da lallashi yana buƙatar hannaye da yawa, hannayen kuwa sun tafi Ingila da Saudiyya. Likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Aiki ya ƙaru, takardun cikewa sun ƙaru, mu kuwa kullum raguwa muke yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Roƙona kaɗan ne. A ɗauki ma'aikata. A tsara jadawalin bukukuwa tun da wuri, wanda ya yi Sallah a bakin aiki a rama masa hutunsa, haka ma abokan aikinmu a Kirsimeti. Wanda majinyaci ya kai wa hari a ba shi wanda zai saurare shi a asirce. Asusun da dokar ta tanada kuma mu gan shi a ƙasa.

Wani lokacin nakan ji kamar na ajiye aikin nan. Sai na tuna da waɗanda suka warke suka dawo suna yi mana addu'a. Su ne suka riƙe ni, amma ban san zuwa yaushe ba.

Allah ya yi muku jagora.

Wata ma'aikaciyar jinya