FILIN MATA: Ruwan damana daga teku yake fitowa

Daga Dogondutsi zuwa bakin teku, tafiya ce ta fiye da kilomita 700. Mutane da yawa a Matankari, Tibiri da Kore Mairuwa sun tsufa ba su taɓa ganin teku ba. Shi ya sa in an ce wata mace tana karatun ilimin teku, sai Ba'are ya ce mi ya haɗa shi da wannan zance.

Abin da ya haɗa su shi ne hatsi. Rana tana dukan tekun Atalantika, tururi ya tashi, iskar damana ta kwaso shi daga kudu ta kawo shi Arewa ya zama hadari. Da ruwan nan ake shibka, shi ne ke cika tabkunan Dallol Mawri. In zafin ruwan teku ya sake, damana ma sai ta sake.

Tsofaffi ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A lokacin, masana da yawa sun ɗora laifi bisa manoma da makiyaya, suka ce saran itace da yawan kiwo ne suka kori ruwa. A shekarar 1986 waɗansu masana na Ingila suka nuna akwai hannun teku a ciki. A 2003 kuma wata mace, Alesandara Jannini, ƴar ƙasar Italiya mai aiki a Amurka, ita da abokan aikinta biyu suka ƙarfafa maganar. Sun sa awon zafin teku na shekaru kamar 70 cikin kwamfuta, lissafi ya fito da shekarun ruwa da na fari kusan yadda aka gan su a Sahel. Saran itace ɓarna ne, amma babban dalilin farin yana can cikin teku.

Ba ita ce ta fari ba. Mari Tap, Ba'amurkiya, an daɗe ana hana ta shiga jirgin bincike don ita mace ce. Ta zauna ofis tana haɗa awon zurfi da maza ke kawowa, har a 1977 ita da abokin aikinta suka fitar da taswirar ƙarƙashin tekunan duniya. Ke nan ba dole sai a bakin teku ake wannan aiki ba.

A Yamai akwai cibiyar Agirimet, wadda aka kafa a 1974. Kowace shekara, kafin shibka, masananta da na ƙasashen maƙwabta suna bayyana yadda ake zaton damana za ta kasance, kuma zafin teku yana cikin manyan abubuwan da suke dubawa. Aiki ne na wanda ya iya lissafi, namiji ko mace.

Hanyar kuwa daga lakwal ɗin gari take farawa, ta bi kwaleji da lise har jami'ar Abdu Mumuni. Yarinyar da aka fitar daga aji aka yi mata aure da wuri, tafiyarta ta tsaya ke nan. Ya kamata uwaye da hakimai da malaman lakwal su tsaya tare, ɗiya mace mai ƙoƙari ta ƙare karatunta. Mata ne ke daka hatsi, su ne ke fara sanin rumbu ya yi ƙasa. Sun cancanci sanin inda ruwansa ke fitowa.