Makarantar Gwamnati Ba Gadon Masu Rinjaye Ba Ce

A ƙasar nan tamu, da zarar mutum ya ce a duba yadda ake koyar da addini a makarantun gwamnati, kafin ya rufe baki an raɗa masa suna: ɗan koren Turawa, ɗan boko aƙida. Shi ke nan, an tashi taro. Abin da ya zauna a zukatan jama'a shi ne, inda muka fi yawa makaranta tamu ce, wanda bai gamsu ba ya nemi wata. Ni kuwa na ce wannan ra'ayi ɓata ne, kuma in ya kafu, Musulmi zai fi kowa kuka da shi.

Ranar 17 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar a kan biyu, cewa gwamnatin Legas ba ta da ikon hana 'yan mata Musulmi sa hijabi a makarantunta. Mun yi murna har nan Arewa, kuma murnar tana kan hanya. To amma da me aka ci shari'ar? Da sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addininsa. Sakin layi na biyu na wannan sashe ya hana a tilasta wa ɗalibi darasin addini ko ibadar da ba tasa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Sashen nan guda ne, ba a rubuta wa Kebbi nata daban ba.

Yanzu a zo Warra ta jihar Kebbi ranar kasuwa a tsaya bakin ruwa. Ga Kambari, ga Gungawa, ga Lopawa, ga Sarkawa masu su, ga Hausawa da Fulani, har da waɗanda suka tsallako daga ƙasar Borgu. Tun da madatsar Kainji ta cinye tsibirai da garuruwa a 1968 aka sake wa dubban mutane matsuguni, jama'ar gaɓar nan ta ƙara cakuɗewa. A Ngaski da Shanga da Yauri Musulmi ne suka fi yawa, babu musu. Amma akwai majami'u a ƙauyuka, akwai kuma gidajen da har yau ba su bar addinin kakanninsu ba. 'Ya'yan waɗannan duka benci ɗaya suke zama a firamare, kuma da dukiyar kowa aka kafa bencin.

Ɗan mai addinin gargajiya ma shi ne maraya a wannan gardama. Manhajar makaranta darasi biyu ta sani, na Musulunci da na Kirista. Yaron da ubansa ba ya zuwa masallaci, ba ya zuwa coci, a ina zai zauna in an buga ƙararrawa? Limami da fasto kowa kallon ganima yake yi masa, babu mai tambayar uban. Sai mu ce ai shiriya muke so masa. Madalla, wa'azi halal ne, ƙofarsa a buɗe take a kasuwa da ƙofar gida. Amma malamin da ke riƙe da bulala da jar biro ba wa'azi yake yi ba in ya ce kowa ya maimaita, umarni yake bayarwa. Aya ta 256 a Suratul Baƙara ta riga ta kore tilas a sha'anin addini, tun kafin a san wani abu wai shi tsarin mulki.

A watan Maris na 2025 Kebbi na cikin jihohi huɗu, tare da Kano da Katsina da Bauchi, da suka rufe makarantu kusan makonni biyar a lokacin azumi. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ƙorafi, aka taso mata kamar ta zagi azumin. Ana iya kare wannan hutu da zafin bazara, ana iya kushe shi da jarrabawar da ke tafe. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a ce mai tambaya ba shi da bakin tambaya. Da wata jihar Kudu ce ta tsara wa 'ya'yanmu kalandar karatu bisa bukukuwan coci, da tuni mun cika rediyo. Laifi tudu ne.

Kada a ɗauka ina goyon bayan masu cewa a kwashe addini kaf daga makaranta, irin na Faransa da ta hana ɗalibai sa ɗankwali a 2004. Wannan ma tilas ne, ya sauya riga kawai, kuma a nan babu uban da zai kai ɗansa irin wannan makaranta. A koya wa ɗan Musulmi Musuluncinsa, a koya masa da kyau. Magana ita ce kada a ɗora wa ɗan wani.

Kuma mu daina neman maƙiyin makaranta inda ba ya nan. Waɗanda suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a Yunin 2021 suka kwashi ɗalibai, wasu 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida, ba masu fafutukar raba addini da gwamnati ba ne.

Gwamnan Kebbi Nasir Idris tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ya san aji ciki da bai. Ya kamata ya sa Ma'aikatar Ilimi a Birnin Kebbi ta ƙirga makarantun Ngaski da Shanga da Yauri, ta faɗa wa jama'a nawa ne ke da ɗalibai Kirista, nawa ne a cikinsu ke da malamin darasinsu. Inda babu, a ɗauka. Sannan a aika wa kowane hedimasta takarda cewa yaron da iyayensa suka ce kada ya shiga darasin addini, a ba shi wurin zama da littafi, kada a dake shi, kada a rage masa maki.